Ku Tambayi Mai Gyara: Rediyon kakana ta koma amfilifayar jita, amma tana gurnani kuma ta ja ni

Tambaya: Salam Baba mai gyara, ina gaisuwa. Ni ɗan koyo ne a shagon gyaran rediyo da talabijin a Dilimi nan Jos, kuma ina ɗan taɓa jita. Na samu wata tsohuwar rediyo ta katako a ɗakin marigayi kakana, tun zamanin da yake aikin kuza ya saye ta, cikinta akwai bawul-bawul na gilas, ɗaya an rubuta EL84 ɗaya EZ80. Na cire taransifomomin guda biyu da bawul ɗin, na samo wani bawul ECC83 na haɗa amfilifayar jita a kan faranti na alminiyom. Tana magana kam, amma gurnani take "huuum" ko ban taɓa jita ba, sannan shekaranjiya bayan na zare ta daga soket na sa hannu ciki ta ja ni har sai da hannuna ya sage. Dan Allah ina matsalar take? Ɗanka daga Dilimi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ji ƙan kaka. Wallahi wasiƙarka ta faranta min rai, don yaran yanzu da sun ga irin rediyon nan sai su miƙa wa 'yan jari bola a auna a kilo, kai kuwa ka gane abin da ke hannunka. EL84 ɗin nan, wato bawul mai ba sifika ƙarfi, kamfanin Philips ne ya fito da shi tun 1953, kuma irinsa ne guda huɗu a cikin amfilifayar jita Vox AC30 da makaɗan Ingila suka yi ta yayi. Guda ɗaya zai baka wajen wat 5, kar ka raina, a ɗaki sai maƙwabta sun leƙo.

Amma bari na fara da jan da ta yi maka, gurnani zai iya jira. Abin da ya ja ka kafasito ne, waɗannan manyan masu kama da gwangwani da ke bayan EZ80, bawul ɗin da ke maida wutar AC zuwa DC. Aikinsu tara wuta, a irin haɗin ka suna riƙe bolt 250 zuwa 300, kuma zare waya daga bango baya zubar musu da ita, suna iya riƙewa har ka je ka ci abinci ka dawo. Ni da idona na ga sukudireba ta taɓa ƙafar kafasito da jikin faranti, ta yi tas kamar an fasa nokawut, da muka duba bakinta ya ɓalle ya yi baƙi, to kaga abin da ya ci ƙarfe ina ga tsokar mutum. Saboda haka kafin ka ƙara kunna ta ka nemi rizisto 220k mai wat 2 ka solda shi a kan kafasito na farko, ƙafa ɗaya a fulos ɗaya a ƙasa, ya zauna nan dindindin, shi zai riƙa tsotse wutar a hankali cikin minti biyu bayan ka kashe. Kuma duk da haka kar ka yarda da shi ido rufe, rizisto yana mutuwa ba sallama. Ka haɗa wata waya mai kilif da rizisto 22k wat 5 a tsakiya, ka maƙala gefe ɗaya a faranti ka taɓa ɗayan a kafasiton kamar rabin minti, sannan ka sa mita, sai ka ga ta sauko ƙasa da bolt 10 tukuna hannu ya shiga. In kuma dole ka yi awo tana kunne, hannu ɗaya kawai, ɗayan a aljihu, da takalmin roba a ƙafa, don wutar da ta shiga ta hannun dama ta fita ta hagu ta ƙirji take bi.

Akwai wani abu da baka faɗa ba kuma shine yafi tsaya min a rai: igiyar wutar da ka sa mai baki nawa ce? Jita ba kamar rediyo bace da zaka kunna ka koma gefe. Zaren jita a haɗe yake da ƙarfen da ke riƙe shi, daga nan waya ta bi kebul har jikin farantin amfilifaya, ma'ana duk lokacin da kake kaɗawa farantin nan ne riƙe a hannunka. In taransifoma mai shekara sittin ta yi yoyo a ciki, kai kuma kana tsaye ba takalmi a kan siminti, ko leɓenka ya taɓa makirfon a wajen biki ko coci, ta jikinka wutar zata nemi hanya. Dole filogi mai baki uku, wayar at ɗin, wato ta baki na uku mai kai wuta ƙasa, a ɗaure ta da noti nata ita kaɗai a jikin faranti, fiyus kuma a kan wayar layif kafin suwic. Sannan ka gwada soket ɗin shagon naku, don gidaje da shaguna da yawa ramin na uku ado ne kawai, ba a ja masa waya ba.

To gurnani. Kafin ka kwance komai kayi wannan: rage bolum zuwa ƙarshe. In gurnanin ya tafi, daga gaba yake shigowa, wajen jak ɗin da kake soka kebul ɗin jita da rabin farko na ECC83 (bawul biyu ne a gilas ɗaya, masu fara ɗaga sautin jita). In yana nan, kashe ta, ka bari ta huce, zare ECC83 ɗin gaba ɗaya ka kunna. In har yanzu yana nan to daga ɓangaren wuta ne ko EL84. Kuma ka kasa kunne da kyau, wutarmu a Najeriya zagaye 50 take a daƙiƙa, so gurnani mai kauri can ƙasa na 50 ne, yawanci wayar hita mai ɗumama bawul ko taransifomomi sun kusanci juna, wanda ya ɗan fi tsini kamar kukan ƙudan zuma kuma na 100 ne, wannan kafasito ne suka gaji. Nafi zargin su, musamman in na cikin rediyon ka maida, don ruwan cikinsu yana bushewa da shekaru. Sa sabbi 32 ko 47 maikurofarad masu bolt 450. Nasan zaka ce ga na 220 nan birjik a matattun talabijin a shagon oganka, kar ka sa shi kai tsaye bayan EZ80, iyakarsa 50, abin da ya wuce haka yana cinye bawul ɗin wajen kunnawa.

Wayoyin hita na bolt 6.3 ka murɗe su biyu kamar igiyar guga, su bi ta lungun faranti nesa da wayar da ke ɗauko sautin jita, in taransifomar bata da waya ta tsakiya a wannan layin ka sa rizisto 100 om guda biyu daga kowane gefe zuwa ƙasa. Taransifomomin nan biyu kuma kar su kalli waje ɗaya, juya ɗaya a gicciye ka nisanta su. Duk wayoyin ƙasa ka tattaro su wuri guda maimakon ka solda nan ka solda can. Kayi waɗannan ka sake rubuto min, da hoton cikin in da hali.

Tambaya: Malam na ga wata rediyon irin ta da a kasuwa, bawul ɗinta UL84 da UY85, in saya in yi amfilifaya da ita? Daga Farin Gada.

Amsa: Ƙanena bar ta inda ka ganta, sai dai in ado zakayi da akwatin. Bawul masu farawa da harafin U an yi su ne don rediyon da bata da taransifomar wuta, kai tsaye take sha daga bango, ya danganta da yadda aka soka filogi jikin ƙarfen kansa yana iya zama bolt 230. An ɓoye shi cikin katako ko roba ne shi yasa bata kashe masu ita ba, jita kuwa zata fito da wutar har yatsunka. Nemi mai harafin E, kuma ka ɗaga ta, in da nauyi sosai a gefe ɗaya alama ce taransifoma na ciki, sai ka buɗe baya ka tabbatar.

Tambaya: Oga zan iya gwada amfilifayata mai bawul ba sifika don kar na dami mutanen gida da dare? Daga Rikkos.

Amsa: A'a ƙanena, ko na minti ɗaya. Ta taransisto tana jurewa, mai bawul kuwa in ba sifika wutar da taransifomar fita, wato mai kai sauti ga sifika, ta tara bata da inda zata je sai ta dawo baya ta huda nadin koyil ɗin, kuma duk cikin kayan ita ce mafi wuyar samu a garin nan. Sa rizisto 8 om mai wat 10 a gurbin sifikar in dai taka mai om 8 ce, zai yi zafi, kar ka ajiye shi kan katifa.