Amsa ga mai tambaya kan shiga ɗariƙar Tijjaniyya

Malam, ka tambayi yadda ake shiga Tijjaniyya da abin da ke hawa kan mutum. Ba fom, ba kuɗin rajista. Muƙaddami za ka samu, wato malamin da aka ba ikon shigar da mutane ɗariƙa, ya karanta maka sharuɗɗa, in ka yarda ya ba ka izini. Daga ranar lazimi, wato wuridin dole, ya hau kanka safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Ga wazifa kullum, wato zikirin da ake yi cikin jam'i, a shimfiɗa farin ƙyalle a kewaye shi, ga zikirin Juma'a bayan la'asar.

Sharaɗin da ya fi nauyi, ba a ajiye wuridin har mutuwa, ba a haɗa shi da wuridin wata ɗariƙa. Ni a Gusau na karɓa, amma sai da na jima ina zama gefe ina kallo tukuna. Lazimin da ya kuɓuce maka kuwa, ko kana hanyar kasuwa ne, sai ka rama.