Ruwan ƙazanta da aka tace, yana iya ɓata kogi?

Tambaya: A ƙauyenmu an haƙa tafkuna inda ake tara ruwan masai da na wanke-wanke, a tace shi, sannan a sake shi cikin kogin da muke su da noman rani a bakinsa. Ruwan yana fita garau, ba wari. Shin akwai sauran illar da yake yi wa kogin?

Amsa: Malam, tacewar tana rage illa ƙwarai, amma ba ta kawar da ita baki ɗaya, kuma hasken ruwa a ido ba shaida ba ne. Irin waɗannan tafkuna suna kwantar da dauɗa, ƙwan tsutsar ciki ya nutse ƙasa, rana kuma ta kashe ƙwayoyin cuta masu yawa. Abin da yakan kuɓuce musu shi ne naitirojin da fosforas, sinadaran da ke cikin takin zamani, waɗanda a nan daga fitsari da kashi da wasu sabulan wanki suke fitowa.

Idan suka shiga kogi, sai gansakuka da kainuwa su samu taki su yaɗu. Da rana gansakuka tana fitar da iskar oksijin, amma da dare ita da bakteriyar da ke ruɓar da matattun ganyaye sai su shanye iskar, shi ya sa masunci yakan tarar da kifaye da asuba sun taso saman ruwa suna buɗe baki. Yawancin kifaye suna bukatar kimanin miligiram 5 na oksijin a kowace lita, kuma idan ya sauka ƙasa da 2 mutuwa ta fara. Tarwaɗa kan tsira domin tana iya shaƙar iskar sarari, saboda haka yawanta a koma bai kamata ya kwantar wa kowa hankali ba. Zafi ma yana ƙara tsananta lamarin, domin ruwan da ke riƙe kusan miligiram 9 a digiri 20 ba ya wuce 7.5 a digiri 30.

Ƙananan halittun kogin su ma sukan canza. Bakteriyar da ke mayar da amoniya zuwa naitiret (duka biyun sinadarai ne masu ɗauke da naitirojin), irin su Nitrosomonas da Nitrobacter, sukan ƙaru a ƙasa da inda magudanar tafkunan ke zuba cikin kogin, kuma aikinsu yana cin oksijin fiye da ninki 4 na nauyin naitirojin ɗin. Tare da su akwai ragowar bakteriyar hanjin mutum, wasunsu ɗauke da juriya ga magungunan kashe ƙwayoyin cuta, wadda suke iya miƙa wa bakteriyar kogin.

A ganina, abin da ya fi yanke hukunci shi ne yawan ruwan kogin kansa. Da damina yana surka abin da aka zuba masa har ya saje, amma da bazara, idan ya ja baya, ruwan tafkunan na iya zama kaso mai yawa na abin da ke gudana. Don haka a nemi a auna oksijin da asuba a watan Afrilu, sama da magudanar da kuma ƙasa da ita, a kuma ƙirga bakteriyar hanji. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 ta ce kada su wuce 1,000 a mililita 100 ga ruwan da ake ba kayan lambun da ake ci ɗanye, kamar latas. Idan aka bi da ruwan ta cikin fadamar kacala kafin ya isa kogi, ko aka shayar da itatuwa da shi lokacin rani, wani kaso na takin zai tsaya a ƙasa.