Bugu uku a kan girin

Jiya ka tare ni a filin golf, a bakin rumfar kadi, masu ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna, kana cewa, "Oga, daga ti, inda ake fara kowane rami, ina kai yadi 250, amma da na hau girin, lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, sai na yi bugu uku kafin ƙwallo ya faɗa rami. Ko in sayar da fotar nan, sandar da nake gangara ƙwallo rami da ita, in nemi sabuwa?" Lokacin ina sauri ne. Yanzu ja benci ka zauna.

Riƙe kuɗinka, fotarka lafiyarta ƙalau. Ranar Asabar na bi ka rami tara ban ce uffan ba. Sau huɗu ka yi bugu uku, kuma duk huɗun bugun farko a kan girin ne ya kashe ka. Daga taku goma sha biyu ka bar ƙwallo taku biyu kafin rami, a rami na gaba haushi ya ɗebe ka, ka zarce da taku uku. Kana tsugunne kana auna hagu da dama kamar mai duba, alhali ciwonka yana wajen awon ƙarfi. Wanda ya kauce hanya da tafin hannu ɗaya amma awonsa daidai, a bakin rami zai tarar da ƙwallonsa. A filin da aka ƙayyade wa bugu 72, an ware 36 domin girin, biyu a kowane rami. Rabin wasan ke nan, kai kuwa kullum kana can kana dukan diraba, sandar bugun nesa, don mutane su ce yaro yana da ƙarfi.

Ƙwararrun da ke buga gasa a Amurka ma, daga ƙafa 8, kusan rabi kawai suke jefawa. Saboda haka daga nesa daina kwaɗayin rami. Kai ƙwallon inda bugu na biyu ba zai sa gabanka ya faɗi ba.

Wuyan hannunka ne ɓarawon. Kana tsungular ƙwallo da shi, yau da ƙarfi, gobe a hankali, shi ya sa ba ka da awo. Kulle shi, kafaɗu su yi aikin, su tafi su dawo kamar lilo. In nisa ya ƙaru, ƙara ja da baya, amma saurin lilon kada ya canza. Riƙon kuma sassauta shi, kamar ka riƙe ɗan tsako. Ƙwallon ya ɗan fi kusa da ƙafarka ta hagu, idonka a samansa. In kana so ka tabbatar, gyara tsayuwa, ka saki wani ƙwallon daga tsakanin idanunka, ka ga inda zai sauka. Kuma daina leƙe. Kan ka buga, kanka ya riga ƙwallon zuwa rami, kafaɗa ta bi shi, fuskar fota ta buɗe. A gajeren bugu, da kunne za ka san ya faɗa.

Akwai abin da ba laifinka ba ne. A kan burawun ka koya, yashin nan da ake cakuɗawa da baƙin mai a share shi sumul, inda sai ka ɗan doka ƙwallo yake tafiya, kuma ba ya karkata sosai. Ciyawa halinta daban. Kiri-kiri tana da kwanciya kamar gashin akuya. In ka hango ta tana ƙyalli, ta kwanta ne ta ba ka baya, ƙwallo zai ruga. In ta yi duhu, fuskantarka take, sai ka ƙara. Girin ɗin da ka buga da safe cikin raɓa, da la'asar ɗin hunturu ya zama wani abu, ya bushe yana santsi. Da damina kuwa sai ya yi nauyi. Kan ka tsugunna, taka daga ƙwallo zuwa rami, ƙafarka za ta gaya maka gangare kafin idonka.

Ga aikin da za ka yi. Shimfiɗa sanda a bayan rami, tazarar kamu ɗaya. Buga daga taku biyar, goma, goma sha biyar. Kowane ƙwallo ya kai rami ko ya wuce, amma kada ya taɓa sandar. Lokacin gwajin lilo, rami za ka kalla. In na ce jefo mini makulli, ai ba ka lissafi, kallona kake hannunka ya auna. Bayan haka kafa ti biyu, 'yan tsinken nan da ake ɗora ƙwallo a kai, ɗaya a hancin fota ɗaya a dugaduganta, ta riƙa ratsawa ba ta taɓa su ba. Shahararren ɗan wasan nan Tiger Woods da kansa haka yake ɗumama hannu. Sai ka kewaye rami da ƙwallo shida daga taku ɗaya, in ɗaya ya kuskure ka koma farko. Faɗin ramin milimita 108 ne, ƙwallo kusan 43, biyu ma za su shige kafaɗa da kafaɗa. Tsoro ne ke tsuke shi.

Shi ma tsoron ana koyon zama da shi. A 1970, a filin St Andrews na Sikotlan, Doug Sanders yana da bugun da bai fi taku ɗaya ba ya ɗauki babbar gasar Birtaniya. Ya gyara tsayuwa, sai ya hango wani abu a kan hanya, ya sunkuya zai cire, bai ja da baya ya sake shiri ba. Ƙwallo ya zame ta gefe. Washegari Jack Nicklaus ya doke shi a wasan raba gardama. Ni ma na taɓa yin irinta a gasar kadi, ƙuda ne ya sauka a kan ƙwallona, na ji kunyar ja da baya a gaban jama'a. In wani abu ya ratsa maka, koma baya ka faro daga farko, ko wa ke jira.

Af, dattijon nan da kake wa kadi, mai tokare doguwar fota a ƙirji, kada ka kwaikwaye shi. An hana tokarewa tun 2016. Tutar da ke tsaye a rami kuwa, daga 2019 kana iya barinta a ciki in za ka buga a kan girin.

Gobe bayan sallar asuba ka same ni a girin ɗin gwaji da ƙwallo shida da ti biyu. Dirabar ka bar ta a jaka.