Me ya sa marubucin bai bar Paul ya koma ga waƙoƙinsa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a, kuma nakan ɗan taɓa rubuta waƙa a bayan littafin darasi. An ba mu littafin Erich Maria Remarque kan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda sunansa na Jamusanci ke nufin "babu sabon labari daga yamma". Tun da na ji Paul, matashin sojan Jamus da ke ba da labarin, ya baro tarin waƙoƙi da wani wasan kwaikwayo da bai gama ba a aljihun teburinsa, nake ta jiran ya koma ya ƙarasa. Sai ga shi an kashe shi a shafin ƙarshe. Kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. Anya marubucin nan yana da tausayi kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ni ma da na fara karanta shi, sai da na kife littafin na yi tagumi, saboda haka na san abin da kika ji.

Amma ki koma babin da Paul ya je gida hutu. Ga mahaifiyarsa kwance ba lafiya, ga ɗakinsa yadda ya bar shi, ga littattafan da ya saya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin koyar da yara. Ya zauna gabansu yana roƙo su yi masa magana kamar da. Shiru. Yana ganin kalmomin, amma sun ƙi shiga zuciyarsa. A ganina, a ɗakin nan mawaƙin ya rasu. Wanda ya faɗi a watan Oktoban 1918, saura 'yan makonni a tsagaita wuta, gangar jiki ce ta rage. Da Remarque ya dawo da shi gida ya miƙa masa alƙalami, da ya ruɗe mu, ya nuna kamar yaƙi yakan mayar da abin da ya ci.

Kuma Remarque ba daga nesa ya hango abin ba. An haife shi a 1898, aka ɗebe shi soja a 1916 yana ɗan shekara 18, aka ji masa rauni a Beljiyam a Yulin 1917. Littafin ya fito a 1929, 'yan Nazi suka ƙona shi a bainar jama'a a 1933 domin ya ƙi yi wa yaƙi kirari.

Irin Paul kuwa an yi su da gaske. Wilfred Owen, mawaƙin Ingila, an harbe shi ranar 4 ga Nuwamba 1918 yana da shekara 25. Saƙon rasuwarsa ya iske mahaifiyarsa ranar 11 ga wata, ana tsakiyar kaɗa ƙararrawar murnar ƙarewar yaƙi.

Waƙoƙin nan na bayan littafinki, don Allah ki kwafo mini ɗaya ki aiko, ina son in karanta.