Motar haya a Jidda: amsoshin tambayoyinku

Tun da Saudiyya ta ba masu bizar umra damar zuwa kowane gari cikin ƙasar a 2022, tambayoyi kan hayar mota a Jidda suka yawaita. Ga uku da suka zo mana daga Damagaram. Maganar ta masu umra ce, don alhazan hajji tafiyarsu na hannun hukuma.

Wani Alhaji daga unguwar Zango: "Mu biyar ne da iyali, muna da kwana biyu bayan umra kafin jirgi. In ɗauko mota tun daga Makka mu zaga Jidda? Wace iri zan ɗauka?"

Alhaji, kada ka ɗauko ta daga Makka. A kewayen Harami babu inda za ka ajiye ta, kuma in ka karɓa a wani gari ka mayar a wani, akwai ƙarin kuɗi. Ku hau jirgin ƙasa na Haramain, wajen rabin awa ne zuwa Jidda, kuma yana da tasha a cikin filin jirgin Sarki Abdul'aziz. Karɓi motar a filin jirgi, ka mayar da ita nan ranar tashi.

Takardu kuwa tun daga gida ake haɗa su. Permin Nijar da Faransanci yake, ma'aikacin kanti kuma Larabci da Ingilishi yake karantawa, saboda haka ka yi permi na ƙasa da ƙasa kafin ka tashi, ka riƙe su duka biyu, don ɗaya ba ya aiki sai da ɗayan. Sai faspo da biza, da katin banki mai sunanka kai da za ka tuƙa. A nan mutanenmu suka fi faɗuwa: mutum ya zo da riyal dunƙule a aljihu, a ce masa kuɗin jingina sai ta kati. Kira bankinka kafin tafiya ka tabbatar katin yana aiki a waje, kuma iyakar abin da yake fitarwa ta isa.

Ƙananan motoci irin Accent da Yaris su ne masu arha, amma mutum biyar da akwatunan tsaraba da jarkokin zamzam ba za su shiga ba. Ɗauki mai girman Camry, ko ku bar kaya a masauki. Tambayi kilomita nawa aka yarje maka a rana, don yawancin yarjejeniyoyi suna da iyaka, abin da ya haura kuma kowace kilomita da kuɗinta. Kusan duk motocin otomatik ne. Wanda ya saba da kuloci ya naɗe ƙafarsa ta hagu ya manta da ita, in ba haka ba zai danna birki da ita a tsakiyar titi yana zaton giya zai canza.

Tsohon garin, wanda ake kira Balad, shi ne dalilin zuwan, kuma shi ne wurin da mota ba ta da amfani ko kaɗan. Duk wanda ya san lungunan Birni a bayan fadar Sarkin Damagaram ya san me muke nufi, sai dai a can gidajen suna tashi hawa uku zuwa biyar, an gina su da dutsen murjani da aka fasa daga teku, fuskarsu rufe da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin, waɗanda ke shigar da iska su kuma kare matan gida daga idon mai wucewa. Halifa Usman ɗan Affan ne ya mai da garin tashar jiragen ruwa ta Makka a shekara ta 26 bayan hijira, an rushe ganuwarsa a 1947, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2014. Ajiye motar a wurin ajiya na biya a gefen unguwar, ka ɗauki hoton inda ka bar ta, ku shiga da ƙafa bayan la'asar. Da rana zafi da gumin teku sai su kori mutum, shaguna da yawa ma a rufe suke. Ku bi kasuwar Alawi zuwa gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga garin a 1925, ku yi magariba a masallacin Shafi'i, ku fita ta Bab Makka. Awa uku ta ishe ku.

Inda motar ke biyan kuɗinta shi ne bakin teku. Jidda doguwa ce, ta miƙe daga kudu zuwa arewa, tasi kuma kowace tsayawa da kuɗinta. Ranar farko ku yi Balad, da dare ku tsaya kallon maɓuɓɓugar Sarki Fahad, mai cilla ruwan teku sama da mita 300. Rana ta biyu ku bi titin gaɓa zuwa arewa har masallacin Rahma da aka gina kan ginshiƙai cikin ruwa, daga nan filin jirgi ba nisa. In kwananku ɗaya ne kuma Balad kawai kuke so, bar maganar haya, tasin da ake kira ta waya, Uber ko Careem, sun fi sauƙi.

Wata Hajiya daga Sabon Gari: "Ni ke tuƙa kaina a nan gida. Za su ba mace mota? Kuma asiransi biyu aka nuna mini a intanet, mai arha da mai tsada, wanne zan saya?"

Za su ba ki, Hajiya, mata suna tuƙi a Saudiyya tun watan Yunin 2018, da takardun da muka lissafa wa Alhaji.

Saya mai tsadar. Mai arhar yana biyan ɓarnar da kika yi wa wani ne kawai, motar da ke hannunki kuwa gyaranta na wuyanki. Cikakken, wanda suke ce wa shamil, shi ma yana da wani kaso da za ki biya daga aljihu kafin kamfani ya ɗauki sauran. Sunansa tahammul, ki sa a nuna miki adadinsa a rubuce, ki kuma tambaya ko taya da gilashi suna ciki, don sau da yawa ba sa ciki. Kafin ki motsa, zagaye motar da bidiyon waya: gaba, baya, ƙasan bamba, tayoyi huɗu, allon mai da na kilomita, a gaban ma'aikacin.

In aka yi karo, ko da ƙwarzane ne, kada ki yarda da sasantawar bakin hanya irin tamu ta "a yi haƙuri, kowa ya gyara tasa". Kamfanin Najm ne ke zuwa ya rubuta rahoton haɗari, kuma in babu wannan takarda asiransi ba zai biya ko riyal ɗaya ba. In akwai rauni, 911 ake kira. Mijinki ko ɗanki zai karɓe ki tuƙi? A rubuta sunansa a yarjejeniya tun farko.

Wani malamin makaranta daga Garin Malam: "An ce mini bayan mutum ya dawo gida ana cire masa kuɗi daga kati. Gaskiya ne?"

Gaskiya ne, Malam, kuma yawanci tara ce. A can ba ɗan sanda ke tsayar da kai ku yi magana ba, kyamarorin Sahir ne ke ɗaukar lamba, tarar ta hau sunan wanda ya yi hayar. Tsallake jar danja riyal 3,000 zuwa 6,000 ne, riƙe waya a hannu 500 zuwa 900, rashin ɗaura bel 150 zuwa 300. Ko inda aka halatta juyawa dama a kan ja, sai ka tsaya cak tukuna. Sayi abin manna waya a gilashi, ka sa taswira ta yi maka magana, don manyan titunan garin irin titin Madina in ka wuce mahaɗarka sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka samu wurin juyowa. In hadari ya haɗo a watannin sanyi, guji hanyoyin da ke bi ta ƙarƙashin gada, nan ruwa ke fara taruwa.

Sauran abin da ake cirewa mai ne da jinkiri. Fetur iri biyu aka fi samu a gidan mai, 91 kore da 95 ja, ƙananan motocin haya 91 suke sha. Mayar da tanki yadda ka karɓe shi, ka riƙe rasit. Ranar haya awa 24 ce daga lokacin karɓa, jinkirin ƴan awoyi yana iya zama kuɗin yini guda. Kada ka jefa makulli a akwati ka wuce: tsaya a duba motar, a rufe yarjejeniyar a gabanka, a ba ka takardar rufewa. Kuɗin jinginar yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin banki ya sake shi, don haka kada ka sa shi cikin lissafin kuɗin motar Yamai zuwa Damagaram.