Amsa ga Hajiya: kula da tsiron iska a Accra lokacin hunturu

Assalamu alaikum. Hajiya, na ga tambayarki game da tsiron iska guda uku da aka ba ki kyauta, waɗannan da ba a dasa su a ƙasa. Kin ce takardar da ta zo da su ta umarci a rage musu ruwa lokacin sanyi, kin kuwa rage, ga shi tun shigowar hunturu bakin ganyensu sai bushewa yake yi. Shekara shida ke nan ina renon irinsu a gidana da ke unguwar Nima a Accra, kuma sai da biyu suka mutu a hannuna kafin na gane kansu.

Wanda ya rubuta takardar nan sanyin Turai yake nufi, inda yini ke gajarta, haske ya yi ƙaranci, tsiro ya rage girma, ruwan da aka ba shi kuma ya daɗe bai bushe ba. Namu hunturun daban yake. Busasshiyar iska ce mai ƙura da ke tasowa daga Sahara, galibi daga Disamba zuwa Fabrairu, wadda ke tsage mana leɓe da dunduniya, kuma abin da take yi wa fatarmu shi take yi wa ganyen. Sanyin da ke cutar da su sai ya sauko ƙasa da digiri 10, mu kuwa a Accra ba ma ganin haka. Saboda haka a wannan lokaci ƙara musu ruwa za ki yi, ba ragewa ba.

Sunansu Tillandsia, danginsu ɗaya da abarba, kuma asalinsu Meziko ne da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, inda suke rayuwa a kan rassan itatuwa da duwatsu. Saiwarsu ta riƙo ce kawai, ba ta shan komai. Idan kika ɗaga guda ɗaya kusa da taga za ki ga wani fari-fari kamar an barbaɗa wa ganyen gari. Farin nan ƙananan ɓawo ne, ta su yake shan ruwa da abinci. A nan ƙura take yin ɓarnarta, domin takan kwanta a kansu ta rufe su. Na taɓa tsoma nawa a ruwa bayan mako ɗaya na hazo, ruwan ya koma ja-ja kamar an wanke takalmi a ciki. Shi ya sa fesawa kaɗai ba ta wadatar a hunturu, sai an jiƙa.

Ga yadda nake yi. Sau biyu a mako, bayan na dawo daga sallar asuba, nakan nutsar da su a robar ruwa na minti 20 zuwa 30, in ɗan kaɗa su a ciki don ƙurar ta fita, sannan in tsame, in girgiza kowanne a hankali, in kifa shi a kan tawul gindinsa na kallon sama. Kifawar nan ita ce gaba ɗaya aikin, kuma rashinta ne ya kashe mini biyun farko. A watan Yuli ne, damina ta kankama, iska cike da laima, na jiƙa su na mayar cikin ƙwallon gilashin da aka sayar mini da su a ciki suna ɗigar ruwa. Bayan kwana goma na taɓa ganyen tsakiya sai ya biyo yatsana, gindin ya yi baƙi yana wari. Ruwan da ya maƙale tsakanin ganye ne ya ruɓar da su, kuma idan ruɓa ta kai zuciyar tsiron babu sauran magani. Dole su bushe sarai cikin awa huɗu. Idan iska ba ta motsi, ki kunna fanka. Safiya na zaɓa domin da dare suke buɗe ƙofofin ganyensu su shaƙi iska, jiƙaƙƙen ganye kuwa yana hana su. Idan damina ta dawo, sau ɗaya a mako ya isa, wani lokaci ma har kwana goma nake kaiwa.

Ganyen da kansa zai nuna miki halin da yake ciki. Idan ya naɗe ya zama kamar kwararo, bakinsa ya yi ruwan ƙasa, ƙishirwa ce, kuma shi ne abin da naki ke fama da shi. Ki ba su jiƙon awa ɗaya gobe da safe, ki datse busasshen bakin da almakashi. Amma idan a cikinsu akwai babban nan mai faɗin ganye da farin jiki sosai, xerographica, shi ɗan busasshen wuri ne, tsomawa ta ɗan lokaci ta ishe shi.

Ruwan sama ya fi musu komai, ni har jarka guda nake tara musu kafin damina ta wuce. Idan na famfo ne, ki bar shi ya kwana a buɗe. Na rijiyar burtsatse kuwa ki fara ɗanɗanawa, domin a wasu unguwannin da ke kusa da teku yana da gishiri, gishiri kuma yana ƙona ganyen.

Ki ajiye su kusa da taga mai haske, bayan labule mara kauri, kada ranar tsaka ta buge su kai tsaye, kada kuma na'urar sanyaya ɗaki ta riƙa hura su. Wajen ratayewa ki guji wayar jan ƙarfe, guba ce a gare su. Zaren kamun kifi nake amfani da shi.

Sau ɗaya tsiron ke yin fure a rayuwarsa, daga nan uwar ta fara ja da baya sannu a hankali, 'ya'ya na fitowa a gindinta. Kada ki yar da ita, kada kuma ki cire 'ya'yan sai kowanne ya kai kashi ɗaya bisa uku na girmanta. Wani ƙaramin iri da nake da shi mai suna ionantha, da ya yi ja ya fitar da fure ruwan shuni bara, yanzu 'ya'ya uku ke manne da shi, kuma na bar su tare su zama curi guda. Bayan mako biyu da fara jiƙon, Hajiya, ki aiko mana da hotonsu daga gefen gindi, mu duba ko akwai wanda ya yi baƙi.