Fatawa: 'Yarmu Tana Da Farfaɗiya, Mahaifinta Ya Ce A Bar Magani A Koma Ruƙiya

TAMBAYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ni uwa ce, a Makka aka haife ni, muna zaune da maigidana a wajen unguwar Rusaifa. 'Ya'yanmu huɗu, biyu sun kai jami'a. Babban yana Jidda, mai bi masa mace ce 'yar shekara 20, tana shekara ta biyu a Jami'ar Ummul Ƙura. Maganarta ce ta kawo ni. Tun tana sakandare ta fara faɗuwa, likita ya yi mata gwajin ƙwaƙwalwa da ake kira takhɗiɗ ya ce farfaɗiya ce, ya ɗora ta a kan magani safe da dare. Shekara biyu shiru. Sai lokacin jarrabawar da ta wuce ta yi ta kwana karatu, ta faɗi a kicin tana dafa shayi. Ba don ƙaninta ya yi wuf ya janye butar ba, da yanzu wata maganar ake yi.

Tun daga ranar gidan ya rikice. Yayar maigidana ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, iska ce. Shi kuma ya ɗauka. Ya ce a ajiye ƙwayoyin a kai ta wurin mai ruƙiya, ta bar jami'a ta zauna a gida, yana kafa hujja da hadisin matar nan mai faɗuwa da aka ce ta yi haƙuri ta samu Aljanna. Ga wani ya aiko neman aurenta, gwaggon ta ce kada wanda ya kuskura ya faɗa musu. Ga azumi yana tafe. Yarinyar ba ta yi wa mahaifinta musu, sai dai in ji kukanta cikin dare. Malam, mene ne hukuncin Allah a kan wannan?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya ba 'yarki lafiya, ya sanya wannan jinya a mizaninku baki ɗaya. Hajiya, kafin komai: kada a tsayar da maganin nan ko na kwana ɗaya. Ki riƙe wannan, sauran bayani yana tafe. Ina so kuma ki karanta wa maigida amsar da ladabi, a keɓe, ba a gaban yara ba, domin na tabbata tsoro ne da son 'yarsa suka kai shi ga abin da ya faɗa.

Hadisin da ya kawo ingantacce ne, Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Aɗa'u ɗan Abu Rabah, wanda ya zama muftin garin nan na Makka, shi ma kuma baƙin mutum ne, ya ce Abdullahi ɗan Abbas ya tambaye shi: "Ba na nuna maka wata mace 'yar Aljanna ba?" Ya ce, "Nuna mini." Ya ce, "Waccan baƙar matar. Ta je wurin Annabi (SAW) ta ce: ina faɗuwa, jikina yana buɗewa, ka roƙa mini Allah. Ya ce mata: in kin so ki yi haƙuri, Aljanna taki ce, in kin so in roƙi Allah ya ba ki lafiya. Ta ce: zan yi haƙuri. Sannan ta ce: amma jikina yana buɗewa, ka roƙa mini Allah kada ya riƙa buɗewa. Sai ya roƙa mata."

To mu tsaya a kan lafazin. Sau biyu Manzon Allah (SAW) ya ce "in kin so". Bai aika a kira mahaifinta ba, bai tambayi mijinta ba, bai nemi shawarar dangi ba. Ita ke faɗuwa, ita ke farfaɗowa ta ga mutane sun kewaye ta, don haka ita aka ba zaɓi. Haƙurin da ya kai ta Aljanna nata ne, da bakinta ta ɗauka. Babu inda shari'a ta ba uba damar ya ƙwace maganin 'yarsa baliga mai hankali ya ce ya zaɓa mata haƙuri. Wanda aka tilasta wa ciwo an zalunce shi ne, ko da da sunan addini aka yi.

Sannan me matar ta bari? Addu'a ta bari, addu'ar mafificin halitta, bayan ya yi mata alkawarin Aljanna wanda ba mai iya yin irinsa sai wanda ake yi wa wahayi. Wane mai ruƙiya ne yau zai lamunce wa 'yarki Aljanna? Kuma in da hadisin umarni ne a bar neman waraka, ai ruƙiyar ce farkon abin da za a bari, tunda ita ma addu'a ce. Gaskiya ne wasu malamai sun fahimci halaccin barin magani daga wannan hadisi, ba na ɓoye wannan. Amma suna magana ne a kan mai ciwon da ya zaɓa wa kansa, a inda bari ba zai halaka shi ba. Ki lura kuma, matar ba ta yarda da cutarwar da za a iya karewa ba, ta nemi a roƙa mata sutura. Wani abin da ke taɓa mini zuciya duk lokacin da na karanta: a ruwayar Bukhari, Aɗa'u ya ce ya ga matar, Ummu Zufar, doguwa baƙa, a jikin rigar Ka'aba. Ashe ba a kulle ta a ɗaki ba. Tana fita, tana zuwa Harami cikin jama'a da ciwonta.

Asalin hukuncin magani kuwa a fili yake. Usamatu ɗan Sharik ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce: "Ku yi magani ya bayin Allah, domin Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, ban da guda ɗaya: tsufa." Abu Dawud da Tirmizi suka fitar da shi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na bakwai a Jidda cikin shekarar 1412 Hijira, wato 1992, ta rarrabe hukuncin: magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halakar rai, ko lalacewar wata gaɓa, ko nakasa. Farfaɗiyar 'yarki a nan ta faɗo. Likitocin ƙwaƙwalwa suna gargaɗi cewa yanke wannan magani farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa mai tsawo wadda ba ta saki, kuma tana iya kisa. Ke da kanki kin ga abin da ya kusa faruwa a gaban murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da wannan ciwo a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa in sun samu magani yadda ya kamata. Shekara biyun da 'yarki ta yi lafiya lau shaida ce cewa maganin ya karɓe ta. Rashin barci kuma sanannen abu ne da ke tayar da ciwon, ga shi kin ce kwana ta yi ta yi tana karatu. Dalili yana gabanmu, ba sai mun tafi nemansa wurin mutanen ɓoye ba. Saboda haka shan maganin wajibi ne a kanta, hana ta shi haramun ne, kuma in ta ci gaba da sha ba da son mahaifinta ba, ba ta saɓa wa iyaye ba, domin biyayya a cikin abin da yake daidai ne kawai.

Game da maganar gwaggo, ba ma musun samuwar aljanu, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Amma Ibnul Ƙayyim da kansa, a littafinsa Zadul Ma'ad, ya kasa faɗuwa gida biyu, ya ce akwai wadda daga lalurar jiki take, ita ce likitoci ke magana a kanta. An gwada yarinya, an ga alamar ciwon, an ba ta magani ya yi aiki. Wanda ya ce iska ce, shi zai kawo hujja. Ruƙiya kuwa a yi ta, ba ta karo da magani. Annabi (SAW) ya ce babu laifi a ruƙiya matuƙar babu shirka a ciki. Mafi alheri mahaifinta ya ɗora hannunsa a kanta ya karanta Fatiha da Falaƙi da Nasi, ke ma ki yi, ita ma ta tofa wa kanta kafin ta kwanta. Abin da na hana, kuma na hana da babbar murya, shi ne a kai ta wurin mai duka da shaƙewa da turnuƙe ɗaki da hayaƙi, ko mai keɓewa da mace, ko wanda sharaɗinsa na farko shi ne a zubar da ƙwayoyi. Na taɓa zuwa duba wata yarinya da aka dawo da ita daga irin wannan wuri, bayanta duk shatar bulala, ciwon kuma yana nan inda yake. Har yau ban manta da idon mahaifiyarta ba.

Jami'a kuma, ban ga dalilin shari'a na cire ta ba. Zaman gida bai hana faɗuwa, ai a gidan ta faɗi. Abin da ya kamata shi ne ƙawayenta biyu ko uku su san halin da take ciki, su san abin yi: a kwantar da ita a gefe ɗaya, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kanta, a kawar da abin da zai ji mata rauni, a gyara mata abaya, a kori 'yan kallo. Kada a danne ta, kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata ruwa, ko da zamzam ne, sai ta farfaɗo sarai. In abin ya wuce minti 5 a kira motar is'af, wato motar asibiti ta gaggawa, a 997. 'Yan'uwanta ma su koya, har wanda ke Jidda. Ku kuma gaya wa duk mai gudun yawunta cewa ba a ɗaukar farfaɗiya, camfi ne ba shi da tushe.

In ta farfaɗo, alwalarta ta warware, ta sake. Wanka mustahabbi ne, domin Annabi (SAW) ya yi wanka bayan ya suma a rashin lafiyarsa ta ƙarshe. Sallah kuwa, a mazhabar Malik wanda ya suma ba ya rama wadda lokacinta ya fita gaba ɗaya yana cikin suma, Hanbalawa kuma sun ce ya rama. Amma irin faɗuwarta 'yan mintoci ce, don haka yawanci za ta riski lokaci ta yi sallarta.

Azumi yana hannun likitanta, ku je masa tun cikin Sha'aban. In ya ga za a iya mayar da shan maganin zuwa buɗa-baki da sahur, ta yi azuminta, amma da sharaɗin ta samu barci. Na san yadda muke a Hijaz, Ramadan dare ya zama rana, ba a kwanciya sai bayan asuba. Wannan al'ada ba ta 'yarki ba ce, gidan duka ya rage hayaniya saboda ita. In ta faɗi da rana na ɗan lokaci, alhali alfijir ya keto tana cikin hayyacinta da niyyarta, azuminta yana nan. In kuwa likita ya ce azumin zai tayar mata da ciwon, to ta sha, Allah ya ce: "Wanda ya kasance mara lafiya ko a kan tafiya, sai ya rama a wasu kwanaki," aya ta 185 a Suratul Baƙara. Ta rama a gajerun ranakun sanyi, ɗai-ɗai, in an yarje mata. Sai in an tabbatar ba za ta taɓa iyawa ba ne za a koma ga ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana.

Saura maganar aure, kuma a nan gwaggo ta yi kuskure babba. Annabi (SAW) ya ce: "Wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu." Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya hukunta, idan aka aurar da mace da aibin da ake mayar da aure saboda shi, mijin ya tare da ita, sadakinta nata ne cikakke, shi kuma ya koma kan waliyyinta ya biya shi. Wato nauyin ɓoyewa a wuyan mahaifinta zai sauka. Farfaɗiya ba hauka ba ce, ina so 'yarki ta ji wannan daga bakina. Amma lalura ce da miji ke da haƙƙin sani kafin a ɗaura. Kada ku dogara da gwajin kafin aure da hukumar ƙasar nan ta wajabta tun 2004, shi yana duba sikila ne da wasu cututtukan jini, ba zai nuna wannan ba. Ko don lafiyarta ma dole ya sani, tunda shi zai kwana ɗaki ɗaya da ita. Kuma wasu magungunan, irin su Depakine, suna iya cutar da ɗan tayi, don haka sai an zauna da likita kafin a nemi ciki, ba a bari ciki ya shiga sannan a yanke magani a firgice ba.

Ba a ce ku yi shela a unguwa ba, sirrinta ne. In magana ta kankama, aka ga da gaske yake, a gaya wa shi manemin, da saninta da yardarta, a ba shi dama ya je ya ji bayani daga bakin likitan. In ya janye, amana ce a kansa, haramun ne ya yaɗa abin da aka gaya masa. In ya tsaya, a rubuta a gaban shaidu cewa ya sani ya yarda, kuma zai bar ta ta ƙarasa karatunta.

Daren yau, in kin ji kukan nan, ki shiga ɗakin ki zauna a bakin gadonta. Ki gaya mata kin tambaya, an ce ta ci gaba da shan maganinta, ta kuma shirya littattafanta.

Wallahu a'alam.